Ku Tambaya Mu Amsa: Wuraren Tarihi ga Mai Fita Waje Karon Farko

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin makonnin nan yawancinsu a kan abu guda suke, wato mutum ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya karɓi fasfo sabo fil, yana son ya je ya ga wuraren tarihin da ya daɗe yana jin labarinsu, amma bai san ta inda zai fara ba. Na zaɓi bakwai daga ciki, na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tallata mini tafiyar kwana goma da za ta ratsa ƙasashe biyar na Turai, har da hasumiyar Eiffel a Paris da tsohon filin wasan Rumawa a birnin Rum. Ban taɓa fita waje ba. Shin in karɓa, ko akwai abin da ya fi? (Daga wani malamin makaranta)

AMSA: Malam, ka ɗauki alƙalami ka yi lissafin da kanka kafin ka biya kuɗi. Idan aka raba kwana goma ga ƙasashe biyar, kowace za ta tashi da kwana biyu, kuma a cikin kwana biyun nan ne za ka haɗa kaya, ka hau mota ko jirgi, ka nemi masauki, ka yi barci, ka kuma tsaya a layi. Abin da zai rage maka a gaban kowane gini bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, gwargwadon ɗaukar hoto da komawa mota kafin jagora ya fara kiran suna. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Ɗauki filin wasan da ka ambata, wato Kolosiyam. Sarki Vespasiyan ne ya fara gininsa wajen shekara ta 72 Miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, kuma an ƙiyasta cewa yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000. Wanda ya tsaya a waje bango kawai zai gani. Wanda ya shiga zai ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare namun daji da mayaƙa kafin a ɗago su zuwa fili, zai ga yadda aka tsara wurin zama bisa matsayi, manyan gari a ƙasa kusa da fili, talakawa da mata can sama, sannan ya tsallaka zuwa kufan dandalin Rumawa da tudun Palatin, waɗanda tikiti guda ne ke shigar da mutum dukkansu. Wannan kaɗai aikin yini ne cikakke.

Shawarata ga mai fita karon farko ita ce ya zaɓi birni guda wanda tarihi ya yi cincirindo a cikinsa, ya zauna har ya fara gane hanyoyi da kansa. Da ni aka ba zaɓi, Istanbul zan ambata, birnin da magabata ke kira Santambul, domin a unguwa ɗaya mai suna Sultanahmet mutum zai iya takawa da ƙafa tsakanin gine-ginen dauloli biyu da suka ratsa shekaru fiye da 1,000 ba tare da ya hau mota ba.

Farkon abin da za ka nufa shi ne Aya Sofiya. Sarkin Rumawan Gabas Justiniyan ya sa aka gina ta a matsayin majami'a tsakanin 532 da 537, wato cikin ƙasa da shekara shida, kuma ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ɗaga wadda ake gani yanzu mai tsayin kusan mita 55 daga daɓe. Da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 sai aka mayar da ita masallaci, a 1934 gwamnatin Mustafa Kemal Ataturk ta yanke cewa ta zama gidan tarihi, a watan Yulin 2020 kuma ta koma masallaci. Duk waɗannan zamunna suna nan a jikin bango ga mai lura. Ga hotunan Kiristoci da aka yi da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya can sama, ga manyan faifai masu ɗauke da sunan Allah da na Manzonsa (SAW) da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini, ga kuma mihrabi da aka ɗan karkata daga tsakiyar ginin domin ya fuskanci alƙibla. Wanda bai san tarihin ba zai ga karkacewar ya ɗauka magini ne ya yi kuskure.

Daura da ita, tafiyar 'yan mintuna, akwai masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara gininsa a 1609, baƙi kuma suna kiransa Shuɗin Masallaci saboda tayil fiye da 20,000 da aka ƙawata cikinsa da su. A bayan Aya Sofiya fadar Topkapi take, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna kusan shekara 400. A wani sashe na fadar ana ajiye da kayayyakin da ake jingina wa Annabi (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. Ka kiyaye cewa fadar rufe take ranar Talata. A ƙarƙashin ƙasa, kusa da nan, akwai ma'ajiyar ruwa ta zamanin Justiniyan mai ginshiƙai 336. Ranar da cunkoso ya ishe ka, hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, wanda a ganina ya fi Shuɗin Masallaci kyau da natsuwa, ko da yake ba shi ake fara nuna wa baƙi ba. Idan kuma abin da ke damunka shi ne a ce wuri ɗaya kawai ka je, shiga jirgin ruwan haya ka ƙetare mashigin Bosforus, cikin kamar minti ashirin ka bar nahiyar Turai ka taka ta Asiya.

TAMBAYA: Ina son zuwa Masar in ga dalar Giza. Ana cewa Fir'aunan zamanin Annabi Musa ne ya sa bayi suka gina ta, wasu kuma suna cewa aikin aljanu ne. Mene ne gaskiya, kuma ya cancanta in biya kuɗi in shiga cikinta? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Malama, mu fara da lissafin shekaru, domin shi ke warware yawancin ruɗanin. An gina babbar dalar wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) domin ta zama kabarin Sarki Khufu. Masana sun yi saɓani a kan wane sarki ne Fir'aunan da Annabi Musa (AS) ya fuskanta, amma biyun da aka fi ambata, Ramsis na biyu da ɗansa Merneptah, sun yi mulki ne a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da dalar ta riga ta yi shekara fiye da 1,200 tana tsaye. Su ma tsohon gini suka tarar, kamar yadda ke za ki tarar.

Maganar aljanu kuwa, waɗanda suka yi aikin sun bar shaida da hannunsu. A 1990 an gano makabartar ma'aikata a kusa da dalar, an kuma tono garin da suka zauna, har da wuraren gasa burodi da tulin ƙasusuwan dabbobin da aka ciyar da su. A 2013 an sami tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, cikinsu akwai kundin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya riƙa rubuta yadda shi da mutanensa ke ɗauko farin dutse daga Tura a cikin jiragen ruwa zuwa Giza, rana bayan rana. Abin da masana suka karkata a kai yanzu shi ne 'yan ƙasa ne suka yi ginin, wasu ƙwararru na dindindin, wasu kuma ana kawo su bi da bi su yi wa sarki aikin da aka ɗora musu. Sanin haka yana ƙara wa ginin girma a idon mai kallo, domin mutane ne irinmu suka jera duwatsu kimanin miliyan 2.3 har tsayin mita 146, kuma aka yi shekara wajen 3,800 ba a gina abin da ya fi shi tsayi ba a duniya. Yanzu tsayinta ya dawo kusan mita 138, saboda ƙolinta ya tafi, farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi kuma an kwashe yawancinsa an yi gine-gine a Alƙahira. Ki dubi saman dalar Sarki Khafre da ke kusa, za ki ga ragowar wannan lulluɓin.

Batun shiga ciki, gaskiyar magana ita ce babu zane ko dukiya a can. Tikiti ne na daban, kuma za ki bi wata siririyar hanya a sunkuye, wadda tsayinta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ga zafi ga ƙarancin iska, sannan ki fito wani dogon zaure mai hawa, ki ƙare a ɗakin sarki inda babu komai sai akwatin dutse fanko. Duwatsun wannan ɗaki daga Aswan aka kawo su, nisan fiye da kilomita 800 ta kogin Nilu. Idan ba ki da ciwon gwiwa ko na numfashi, kuma matsattsen wuri ba ya tayar miki da hankali, ki shiga sau ɗaya, gani ya kori ji. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, ki haƙura, asarar kaɗan ce. Masu raƙuma da dawaki za su yi miki caa a filin, saboda haka ki daidaita da su a kan kuɗin hawa da zagaye da sauka gaba ɗaya kafin ki ɗaga ƙafa.

Kada ki tsaya a Giza kawai. Babban gidan tarihin Masar da ke kusa da dalar, wanda aka yi bikin buɗe shi a watan Nuwamban 2025, shi ke ɗauke da kayan kabarin Sarki Tutankhamun da mai binciken kufai Howard Carter ya gano a 1922. Gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22, har da ta Ramsis na biyu, tun Afrilun 2021 aka mayar da su wani gidan tarihi a unguwar Fusɗaɗ ta Alƙahira. Tsohuwar Alƙahira kuma tana da masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879, da Azhar da Faɗimawa suka aza harsashinsa a 970, da makarantar Sultan Hasan da aka fara a 1356, waɗanda yini biyu ba ya isar su.

TAMBAYA: Na daɗe ina karanta tarihin Andalus. Idan na je Sifaniya me ya rage da zan gani, kuma ana barin mutum ya yi salla a masallacin Ƙurɗuba? (Daga wani Alhaji)

AMSA: Alhaji, bari in fara da ta biyun domin kada ka je da wani zato. Ba a bari. Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina masallacin a 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi, amma tun da Kiristoci suka karɓi birnin a 1236 ya zama majami'a, kuma har yau cocin Katolika ke riƙe da shi, masu gadi suna hana duk wanda ya tayar da salla. A ƙarni na 16 an gina babban ɗakin ibadar coci a tsakiyarsa. Duk da haka ginshiƙai 856 suna nan da bakunansu masu ratsin ja da fari, mihrabin da Halifa al-Hakam na biyu ya ƙawata a ƙarni na 10 yana nan da ayoyinsa na ruwan zinariya, kuma mutum zai iya yin sa'a biyu yana kewayawa bai gaji ba. Ka yi sallarka a masauki ko a ɗaya daga cikin masallatan da Musulmin garin ke amfani da su, sannan ka shiga a matsayin mai ziyara.

Babban abin da ya rage shi ne Alhambra a Garnaɗa, wadda sunanta daga Larabci yake, al-Hamra, ma'ana ja, saboda launin ganuwarta. Muhammad ibn al-Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasr, shi ya fara ta a 1238, amma ɗakunan da suka yi suna yawancinsu na ƙarni na 14 ne, musamman farfajiyar zakuna, inda zakunan dutse goma sha biyu ke ɗauke da maɓuɓɓugar ruwa. Kai da kake karanta Larabci za ka more ta fiye da yawancin baƙi, domin abin da suke gani a matsayin ado kai rubutu za ka gani: baitukan waƙa, da ayoyi, da taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", wanda aka maimaita a bango ba adadi. Akwai abin tunani a ce sarakunan da suka cika fadarsu da cewa babu mai rinjaye sai Allah su ne na ƙarshe, domin a ranar 2 ga Janairun 1492 sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa mabuɗan birnin ga sarakunan Kirista Ferdinand da Isabella. Ka lura da ruwa sosai, daga kogin Darro aka janyo shi ta magudanar da ta bi gefen dutse, ya ratsa lambun Jannatul Arif kafin ya shigo fada, kuma kusan duk inda ka tsaya za ka ji ƙararsa.

Kuskuren da ya fi cin baƙi shi ne na tikiti. Ana ƙayyade yawan masu shiga fadojin Banu Nasr, kowane tikiti yana ɗauke da suna da lokacin shiga, ana duba fasfo a ƙofa, wanda ya makara kuma ba a jiran sa. A lokacin cunkoso tikiti yakan ƙare makonni kafin ranar, saboda haka ka saya ta intanet a shafin hukumar wurin tun kafin ka tsayar da ranakun masauki. Ka guje wa Yuli da Agusta idan da hali, domin zafin kudancin Sifaniya yakan haura digiri 40. Idan ka biya ta Ishbiliya, wato Sevilla, hasumiyar masallaci mai suna Giralda da daular Muwahhidai ta kammala a 1198 tana nan, an ɗora mata ƙararrawa a kai.

TAMBAYA: Da gaske ne ana hango Babbar Ganuwar Sin daga duniyar wata? (Daga wani matashi)

AMSA: Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa. Wata yana nesa da mu da kilomita kusan 384,000, faɗin ganuwar kuma a mafi yawan wurare bai wuce na titi ba. Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, da ya dawo a 2003 ya ce bai gan ta ba, alhali shi kusa da duniya ya kewaya. Ganuwar ma ba guda ba ce, tarin ganuwoyi ne na zamunna dabam-dabam da hukumomin Sin suka auna jimillarsu a 2012 suka sami kilomita 21,196, kuma wadda ake gani a hotuna ta daular Ming ce, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Idan ka je Beijing, sashen Badaling ya fi sauƙin zuwa amma ya fi cika, sashen Mutianyu kuma ya fi sarari, yana da keken igiya mai hawa da mutum.

TAMBAYA: Ina son in kai uwargida ta ga Taj Mahal, amma yini ɗaya kawai za mu samu a Agra. Me ya kamata mu sani? Kuma da gaske an yanke hannuwan maginan? (Daga wani magidanci)

AMSA: Malam, abu na farko, kada yinin ya zama Juma'a, domin ranar ana rufe wurin ga masu ziyara, masallacin da ke ciki kawai ake buɗewa ga masu salla. Ku isa ƙofa da fitowar rana, kafin zafi da cunkoso, ku bar manyan jakunkuna da abinci a masauki tunda ba a shiga da su. A watannin Disamba da Janairu hazo yakan rufe ginin da safe, daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafi ne mai tsanani.

Taj Mahal hubbare ne. Mumtaz Mahal ta rasu a 1631 wajen haihuwa ta goma sha huɗu, mijinta Sarki Shah Jahan ya sa aka fara ginin a 1632, aka ɗauki shekara kusan 20 kafin a kammala dukkan harabar, da ma'aikata kimanin 20,000 da farin dutsen mabul da aka kawo daga Makrana. Ku tsaya a babbar ƙofa ku karanta abin da aka rubuta a kanta, Suratul Fajr ce, wadda ta ƙare da kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljanna, a jikin hubbaren kuma akwai Suratu Yasin. Mai rubutun, Amanat Khan, ya sa hannu a aikinsa. Hasumiyoyi huɗu da ke kewaye an ɗan karkatar da su waje da gangan, domin idan girgizar ƙasa ta kayar da su kada su faɗa kan kabarin. Komai na ginin an yi shi ne dama daidai da hagu, abu ɗaya ne ya saɓa, wato kabarin Shah Jahan kansa, wanda aka raɓa a gefen na matarsa bayan rasuwarsa a 1666.

Labarin yanke hannu ƙanzon kurege ne da 'yan jagora ke ƙawata zance da shi, babu wata shaida ta tarihi a kansa. Wanda yake tabbas shi ne ɗansa Aurangzeb ya tuɓe shi a 1658 ya tsare shi a fadar Agra, kuma da rana za ku iya zuwa can ku tsaya a barandar da ake hango hubbaren ta gefen kogin Yamuna.

TAMBAYA: Mahaifina ya haura shekara saba'in, gwiwa tana damunsa, amma ya matsa sai ya ga Petra a Jodan. Zai iya? (Daga wata Hajiya)

AMSA: Hajiya, zai iya ganin abin da ya fi muhimmanci, idan aka yi shiri. Petra birni ne da Nabatawa suka sassaƙa a jikin jan dutse, suka yi arziki da fataucin turare da kayan ƙamshi, har Rumawa suka haɗe ƙasarsu a shekara ta 106. Daga ƙofar shiga zuwa ginin da ake kira al-Khazna tafiyar kilomita biyu ce, fiye da rabinta ta cikin wani tsagin dutse mai suna Siƙ, kuma akwai ƙananan motocin lantarki na haya da ke ɗaukar masu rauni. Ki roƙi direba ya sassauta a cikin tsagin, domin Baba ya ga magudanan ruwan da aka sassaƙa a gefen bango, waɗanda su ne sirrin yadda birni ya rayu a wannan busasshiyar ƙasa. Al-Khazna tana da tsayin kusan mita 40, ba a shiga cikinta, kuma duk da sunanta masana sun fi ganin kabari ce. Tabon harsasai da ke jikin tulun dutsen da ke samanta na makiyaya ne da suka zaci an ɓoye dukiyar Fir'auna a ciki.

Abin da ban yarda Baba ya gwada ba shi ne hawa zuwa ad-Dair, wani babban gini da aka sassaƙa can saman dutse, domin matattakala ce wajen 800, kuma jakunan da ake haya ba su da tabbas ga dattijo a wannan gangare. Hanyar dawowa ƙofa ma hawa ce a hankali, saboda haka a yi cinikin mota zuwa da dawowa. Ku kwana a garin Wadi Musa da ke bakin ƙofa, maimakon ku taso daga Amman, tafiyar sa'a uku, ku iso da tsakar rana a gajiye.

TAMBAYA: Kullum in ana maganar wuraren tarihi sai a tura mu Turai da Asiya. Shin Afirka ba ta da abin gani ne? (Daga wani mai karatu da ya ce ransa ya ɓaci)

AMSA: Allah ya huci zuciyarka, Malam, ka yi gaskiya, ko da yake Masar da na daɗe a kanta a sama ai a Afirka take. Ga mai fita karon farko, Fas a Maroko ita zan fara ambata, domin tsohon birninta lunguna ne da mota ba ta shiga, kuma a cikinsa masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda ake jingina kafa shi a 859 ga wata mata, Faɗima al-Fihriyya, ya kuma zama cibiyar ilimi har yau. Mai son ganin abin da cinikin bayi ya bari ya nufi tsibirin Gore, ɗan tafiya kaɗan a jirgin ruwa daga Dakar, ko sansanin Elmina a Gana, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482.

Akwai wurare masu daraja da ban ba da shawarar a fara da su ba saboda matsalar tsaro a yankunansu. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, shi ne ginin ƙasa mafi girma a duniya, mutanen gari kuma suna taruwa kowace shekara su yi masa yaɓe. Lalibela a Habasha tana da majami'u 11 da aka sassaƙa daga sama zuwa ƙasa a cikin dutse. Sudan tana da dala fiye da na Masar a yawa, amma ƙasar tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Duk mai niyyar waɗannan ya fara bincika halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti.

Wurin da ya fi amsa tambayarka kai tsaye shi ne Babbar Zimbabwe, kusa da garin Masvingo. Kufai ne na birnin da kakannin mutanen Shona suka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da duwatsun da aka jera bisa juna ba tare da laka ko siminti ba, kuma ganuwar babban kewayen ta kai tsayin mita 11, zagayenta wajen mita 250. An tono tangaran ƙasar Sin da kuɗin Kilwa, tsohon birnin kasuwanci a gaɓar Tanzaniya, a wurin, shaidar cewa zinariyarsu tana kaiwa gaɓar tekun Indiya. Da Turawan mulkin mallaka suka gan shi sai suka ce ba aikin baƙar fata ba ne, wasu suka jingina shi ga Sarauniya Bilkisu, wasu ga Finiƙiyawa. Masu binciken kufai David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tona suka tabbatar cewa ginin 'yan Afirka ne, amma gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, ta ci gaba da matsa wa masana lamba don kada a faɗi haka a fili. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980 sai ta ɗauki sunan kufan ya zama nata, tsuntsun da ke jikin tutarta kuma hoton ɗaya ne daga cikin tsuntsayen dutse takwas da aka samu a wurin.